A RABA WASAN FAGE DA CACA A WAYOYIN YARANMU

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya shigo mana gida ta cikin wayar hannu, wato wasannin nan na intanet da matasa ke shiga fage suna gwabzawa da junansu. Iyaye da iyayen gida sun rabu biyu a kan wannan batu. Wasu na cewa a ƙwace wayar a huta, wasu kuma na cewa ai wasa ne kawai, a ƙyale yara. Ni a nawa ganin duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci, domin fagen nan iri biyu ne, akwai na gwada gwaninta, akwai kuma na caca tsagwaronta, kuma wanda bai san bambancinsu ba ba zai iya tsawata wa ɗansa ko yaron shagonsa yadda ya kamata ba.

Da farko bari in yi wa jama'a bayanin yadda abin yake. A irin waɗannan wasanni kowa yakan ƙirƙiri wani ɗan mutum-mutumi nasa a cikin na'ura, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a, ko mayaƙi ko maharbi ko mai magani, sa'an nan ya riƙa rainonsa wata da watanni yana tara masa makamai da kuɗin wasa. Dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suna cikin duniya guda a lokaci guda. Yawanci dodannin da kwamfuta ke sarrafawa ake yaƙa, amma akwai wani wuri da aka killace, shi ne fage, inda mutum da mutum ke karawa.

Misali na farko shi ne wasan World of Warcraft na kamfanin Blizzard da ke Amurka, wanda ya fito a shekarar 2004, har masu biyan kuɗinsa na wata-wata suka kai miliyan 12 a shekarar 2010. A shekarar 2007 aka shigo da fage cikinsa. Ana shiga biyu da biyu ko uku da uku, a buɗe ƙofa, ɓangaren da ya kwantar da abokan karawarsa duka shi ya ci. Kowane ɗan wasa yana da maki, in ya ci su ƙaru, in an cinye shi su ragu, kuma na'ura takan haɗa shi da tsararsa a maki, ba a haɗa sabon shiga da gwani. Idan faɗa ya yi tsawo, sai a riƙa rage ƙarfin maganin da masu magani ke yi wa 'yan'uwansu, domin kada a kwana a wurin. Wanda aka kayar bai rasa takobinsa ko kuɗinsa ba, maki kawai ya rasa. Wanda ya yi fice kuwa laƙabi yake samu da abin hawa na ado a cikin wasan.

To jama'a, mene ne baƙon abu a nan? Ai mu ma mun gaji dambe da kokawa. A Jamhuriyar Nijar tun shekarar 1975 ake gasar kokawa ta cin takobi, ɗan kokawa ya faɗi bana ya koma gida ya yi shiri ya dawo baɗi. Wanda ya sha kaye a fage bai sayar da gonarsa ba. Irin wannan fage yana koya wa yaro haɗa kai da abokan tafiya, da saurin tunani, da haƙurin karɓar faɗuwa. Illarsa ita ce cin lokaci da kuɗin data, kuma wannan abu ne da ake iya yi wa iyaka.

Misali na biyu shi ne wanda nake so a buɗe kunne a ji. Akwai wasan RuneScape na kamfanin Jagex da ke garin Kambirij a Ingila, wanda aka fara a shekarar 2001. A shekarar 2013 aka dawo da tsohon samfurinsa da sunan Old School RuneScape, a 2018 kuma aka sa shi a wayar hannu. A cikinsa akwai wani gari na hamada da ake kira Al Kharid, kusa da shi kuwa a da akwai wani fage inda mutum biyu kan amince da sharuɗɗan faɗa, kowa ya ajiye kuɗin wasa ko kayansa, wanda ya ci ya kwashe duka. Da tafiya ta yi tafiya sai aka gano cewa idan mutum biyu ƙarfinsu ɗaya, makaminsu ɗaya, to babu sauran gwaninta, sa'a ce kawai kamar jefa kwabo sama. Su kansu 'yan wasan suka raɗa wa wurin suna gidan cacar rairayi.

Wani zai ce to ai kuɗin wasa ne, ba naira ba, ba sefa ba. A nan gizo ke saƙar. Kuɗin wasan nan ana sayar da su a bayan fage da kuɗi na gaske, duk da cewa dokar kamfanin ta hana. Har ma lokacin da tattalin arzikin ƙasar Benezuwela ya durƙushe, mutane da yawa a can sun mayar da tara kuɗin wasan su sayar ya zama sana'arsu. Saboda haka wanda aka cinye a fage sai ya sa hannu a aljihu ya sayi wasu ya koma ramuwa. Ga kuma 'yan damfara da suka riƙa canza sharaɗin faɗa a ɓoye kafin abokin karawa ya ankara, da masu satar asusun mutane domin su samu abin zubawa.

Shi kansa kamfanin da ke cin riba da wasan ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ya sa haraji a kan abin da ake zubawa, bai hana ba. A ƙarshen shekarar 2021 ya ƙayyade yawan abin da za a iya zubawa, daga nan a shekarar 2022 ya rushe fagen baki ɗaya, ya gina wani sabo inda ake karawa don maki da matsayi, ba a zuba ko sisi. Jama'a, idan mai tuwo da kansa ya zubar da miyarsa ya ce ta lalace, kai baƙo don me za ka ce a zuba maka?

Bari in yi lissafin da kowane ɗan tireda zai gane. Yaro ya zuba N1,000 aka cinye. Ya ce bari in ninka in rama, ya zuba N2,000, sa'an nan N4,000, haka dai yana ninkawa. In aka cinye shi sau bakwai a jere, abin da ya fita daga hannunsa ya kai N127,000, alhali tun asali N1,000 yake nema ya ci. Wanda yake karawa da shi in yana da jari mai kauri zai iya jure faɗuwa goma, shi kuwa mai ƙaramin jari faɗuwa kaɗan ta gama da shi. In kuma ana cire haraji a kowane zubi, to ko ana yin ci ɗaya faɗuwa ɗaya, kuɗin raguwa suke yi. Daga ina yaron da ba shi da sana'ar kansa zai samo na ramuwa, in ba daga cinikin shago ko kuɗin makaranta ko buhun hatsin gida ba?

Kada kuma mu ce wannan matsalar Turawa ce. Waya ta shiga kowane ƙauye, kuma ba sai wasa ya tanadi wurin zubi ba, samari biyu suna iya ajiye kuɗi a hannun na uku su ce wanda ya ci a waya ya ɗauka. Da zarar an yi haka, wasan gwaninta ya koma karta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtuka a shekarar 2019. Ƙasar Sin a shekarar 2021 ta kafa dokar cewa yaran da ba su kai shekara 18 ba awa ɗaya kawai za su yi wasan intanet a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ƙasar Beljiyam kuwa a shekarar 2018 ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a cikin wasanni a matsayin caca.

Saboda haka ina kira ga iyaye da iyayen gida, maimakon ƙwace waya da zagi, wanda ba abin da yake haifarwa sai ɓoye-ɓoye, a zaunar da yaro a yi masa tambaya uku. In an cinye ka me kake rasawa, maki ko dukiya? Ka taɓa sayen kuɗin wasa da kuɗin gaske? Awa nawa kake yi a rana? In maki ne kawai, a yanka masa lokaci bayan an tashi daga kasuwa ko an dawo daga gona, a bar shi ya yi wasansa. In kuwa akwai zubi a ciki, to a tsaya tsayin daka a raba shi da shi tun wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a bar wa yaro katin banki ko lambar sirrin asusun shago. Masu wuraren cajin waya da gidajen kallon ƙwallo su ma su taimaka, kada su yarda a mayar da rumfunansu wurin ajiye kuɗin zubi.

Ku kuma samari, mai gwaninta ba ya buƙatar sa kuɗi kafin a san shi gwani ne. Duk wanda ya ce maka ba zai kara da kai ba sai an ajiye wani abu, aljihunka yake hari, sai ka kama gabanka.

 

Naku mai karatu a kullum,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.