Zauren Iyaye Mata: Kafin ki zuba kuɗin adashinki a injin kwale-kwale

 

Maganar yau za ta yi wa wasu kama da ta maza, amma ki daure ki karanta har ƙarshe. A gidaje da yawa na Jega, Aliero da Maiyama, idan yaro ya tasa yana son sana'ar kansa, ɗakin uwa yake fara shiga. Ita ce mai akuya da tunkiya, ita ce mai kwasar adashi, ita ce ta ɓoye ribar albasar bara. Idan gidan masunta ne kuwa, buƙatar da ta fi yawa a yanzu ita ce inji. Ɗanki ko maigidanki ya gaji da tuƙi da hannu, yana son a ɗora wa kwale-kwalensa inji kamar na abokansa. Sabon inji a yau maganar miliyoyin naira ake yi. Tunda kuɗinki zai shiga, kuma ɗan da kika haifa ne zai zauna a kan ruwan, kina da haƙƙin yin tambaya kafin ki kwance bakin zani.

Wane ruwa zai shiga?

Wannan ita ce tambayar farko, kafin maganar kamfani ko farashi. Gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega, wanda wasu ke kira Gulbin Gindi, ba ɗaya yake da Neja a Yawuri ba. Da damina, musamman a watannin Agusta da Satumba, yakan cika ya tumbatsa, ruwan ya yi ƙarfi. Ba mu manta da ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar Kebbi ba. Da rani kuwa sai ya janye, yashi ya fito, wani wurin har da ƙafa ake tsallakawa.

Don haka ki tambaye shi: wata nawa a shekara injin zai yi aiki? Idan a tafki ko fadamar kusa da gida yake kafa koma da mamari, ya je ya dawo cikin rabin awa, inji ba zai ƙara masa tarwaɗa ko ɗaya ba. Gara a saya masa sababbin kayan su, a gyara kwale-kwalen, ragowar kuɗin ta koma turke. Amma idan yana bin gulbi nesa, yana haurawa gaba da ruwa, ko yana tafiya cin rani wajen Yawuri, to inji zai rage masa wahala, kifinsa kuma ya iso kasuwa da sauran ɗanyensa.

Ke kuma da kike Aliero, da ake neman ki zuba ribar albasa a jirgin wani ɗan'uwa da ke bakin gulbi, ki tura wanda kika yarda da shi ya ga ruwan da jirgin da idonsa.

Doki nawa?

Ƙarfin inji da doki ake auna shi. Za ki ji ana cewa mai doki 15, mai doki 25, mai doki 40. Matashi, in aka bar shi da zaɓinsa, babba zai nuna, don shi ne mai ƙara da gudu, shi ne ake juyowa a kalla a bakin gulbi. Nan ne aikinki yake.

Inji mai doki 15 nauyinsa bai kai kilo 40 ba, ƙato ɗaya zai saɓa shi ya kai gida da yamma. Mai doki 25 ya ɗan haura kilo 50, wato kamar buhun taki. Mai doki 40 kuwa ya haura kilo 70. Ki ƙiyasta wannan nauyi a gindin ƙaramin kwale-kwalen katako, ga kuma matuƙi da tankin mai duk a wuri ɗaya. Bayan jirgin zai nutse ƙasa, goshinsa ya ɗaga. Da zarar an sassauta gudu kwatsam, ruwan da ke biye da jirgin sai ya faɗo ciki ta baya. Ga girgizar babban inji da ke sassauta ƙusoshi da mahaɗar katako a hankali, har jirgi ya fara yoyo.

Wanda ya yi ƙanƙanta da yawa shi ma matsala ne. Idan ruwa ya yi ƙarfi da damina, dole a matse shi har ƙarshe kullum, ya sha mai, ya tsufa da wuri. Ga kwale-kwalen su mai ɗaukar mutum biyu zuwa huɗu da kayan aikinsu, tsakanin doki 15 da 25 ya wadatar. Mai doki 40 na manyan jiragen fasinja da kaya ne irin na Neja. Hausawa sun riga sun gama magana: daidai ruwa, daidai tsaki.

Lissafin mai

Ranar saye kuɗi sau ɗaya ake biya. Mai kuwa kullum ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai janareto da babur ya san yadda lissafi ya canza.

Inji mai doki 15, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, idan aka sake masa wuta gaba ɗaya yana shan kimanin lita 7 a awa ɗaya. Mai doki 40 yana shan kusan lita 20. Mu ƙaddara lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi, kuma ana tafiyar awa biyu a rana. Ƙaramin ya ci naira 14,000, babban ya ci 40,000. Bambancin naira 26,000 ke nan a wuni ɗaya. Ke da kike banda, ko kike sayar da kifin, kin fi kowa sanin kwando nawa ne zai biya wannan. Ba kullum ake gudu har ƙarshe ba, gaskiya ne, amma ko an sassauta, babba ya fi ƙarami ci. Ki sa shi ya yi wannan lissafin a gabanki da farashin man garinku, da kuma cinikin ranar da kamu bai yi kyau ba, ba na ranar sa'a ba.

Iri biyu ne

Akwai wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janareton nan na gida. Ya fi sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, kuma kanikawanmu sun fi sabawa da shi. Aibinsa shan mai da hayaƙi. Yawanci ma'auninsa kashi ɗaya na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur ne, wato rabin lita a tanki mai lita 25, sabo kuma ana ƙara masa a kwanakin farko kamar yadda takardarsa ta nuna. Wanda ya yi rowar baƙin mai, ko ya zuba kowane iri ya samu, shi ne zai kashe injinsa da hannunsa.

Akwai kuma wanda baƙin mansa ke zaune a nasa wurin daban, kamar baburan haya na yanzu. Ya fi tsimin fetur, ba ya da ƙara sosai, amma ya fi tsada da nauyi, kuma in an sauke shi akwai gefen da ake kwantar da shi, in aka saɓa mai ya malale cikinsa.

Wanne za a ɗauka? Wanda bakaniken kusa da ku ya iya, kuma ake samun kayan gyaransa. Yamaha, Suzuki da Tohatsu sanannu ne, akwai kuma na Sin masu sauƙin kuɗi. Kafin a biya, a je wurin bakanike a tambaye shi: in farfela ta karye ko robar famfo ta cinye, a ina za a samo, kuma kwana nawa? Injin da zai yi mako uku a jingine yana jiran kaya daga Legas a tsakiyar lokacin kamu, arhar da aka samu a kansa ta riga ta tafi.

Ki ba shi tef ɗin ɗinkinki

Inji yana da ƙafa, ita ce ke sauka cikin ruwa da farfela a ƙarshenta. Akwai gajeriya, akwai doguwa. A auna allon bayan jirgin, inda za a ɗaura injin, daga samansa zuwa ƙasan jirgi. In ya kai wajen inci 15, gajeriyar ƙafa ake nema. In wajen inci 20 ne, doguwa. Doguwar ƙafa a gajeren allo za ta riƙa noman yashi a ruwa marar zurfi irin namu na rani. Gajeriya a dogon allo kuwa farfela za ta riƙa kamo iska, injin kuma ya rasa ruwan da ke sanyaya shi. Wannan awon na minti ɗaya ne, amma mutane da yawa sai sun kai inji gida suke tuna shi.

In na hannu ne

Yawancinmu na hannu za mu iya, kuma ba laifi ba ne. Amma a tafi da bakanike naku, ba na mai sayarwa ba, a kuma duba waɗannan:

A taɓa injin kafin a tayar. In da ɗumi, an riga an ɗumama shi don kada a ga wahalar tashinsa da safe.

A tayar da shi ƙafarsa cikin duro mai ruwa, ko a kan jirgi. Wanda ya tayar da shi a busasshe, ko na ɗan lokaci ne, ya ƙona robar da ke zuƙo ruwa.

A kalli siririn ruwan da yake tsartowa ta baya. In ba ya fita da ƙarfi, injin zai yi zafi. Yashin gulbi da ciyawar ruwa su ne manyan abokan gabar wannan famfo.

A kwance ƙusar man giya da ke ƙasan ƙafar. In man ya fito fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa na shiga.

A kula da wanda ya yi aiki a ruwan gishiri na bakin teku. Fenti na iya rufe tsatsa da cin da gishiri ya yi masa.

A karɓi rasidi mai ɗauke da lambar jikin injin. Ana satar injuna, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a wurin 'yan sanda.

A rubuta

Kyauta kika yi, ko rance, ko jari? Ki faɗa tun yanzu a gaban shaidu, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ba rashin yarda da ɗa ko miji ba ne. A gidan da ake da 'yan uba, takardar nan ita ce za ta hana rigima ranar da ba kya nan. In jari ne, a yanke kasonki, a kuma ware wani abu duk mako don gyara.

Abin da ya fi injin tsada

A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a Neja kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski. Kimanin mutum 20 aka ceto da rai. Akwai mata da yara da yawa a cikin waɗanda suka rasu, kuma hukumomi sun ɗora laifin a kan lodi fiye da kima da tsufan jirgin. Allah Ya jiƙansu.

Na kawo wannan ne saboda hanyar da babban inji ke bi da mai ƙaramin jirgi. An ci bashi an saya, mai ya yi tsada, kifi bai biya ba. Sai ranar kasuwa ta zo, ga mutane a bakin gulbi suna neman fito. Yaro ya ce bari ya ɗan kwasa ya samu na mai. Kwale-kwalen mutum huɗu ya ɗauki goma sha biyu da buhuna. Inji zai ja, domin yana da ƙarfi. Katakon ne ba zai ɗauka ba.

Saboda haka ki sa sharuɗɗanki kafin kuɗi ya bar hannunki. A cikin kuɗin injin a cire na rigar kariya ta ruwa, ɗaya ga duk wanda zai hau, har da ƙarama in yaro na bin su. Kada ki karɓi zancen "ai mun iya ruwa". Gwanin iyo ma in jirgi ya buge shi a ka, ko koma ta naɗe masa ƙafa, iyawarsa ba ta da amfani. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana jiragen fasinja tafiyar dare da ɗaukar mutum ba riga, kuma abin da ya kare fasinja zai kare ɗanki. Akwai 'yar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a hannu, wadda ke kashe inji in ya faɗa ruwa, kada a cire ta a yar. Abin tuƙin hannu da na kwarfar ruwa su zauna a jirgi kullum, don inji na mutuwa a tsakiyar gulbi.

Na ƙarshe a hannunki yake. Jarkar fetur ba ta kwana a ɗakin yara, ba ta zama kusa da murhu ko wurin bandar kifi. A nema mata inuwa nesa da wuta, a rufe ta da kyau.

Matan masunta da ke cikinmu, ku faɗa mana a ƙasa wane inji ne ya daɗe a gidajenku, kuma wanne ya ba ku wahala, don 'yan'uwa su amfana. Allah Ya tsare mana zuri'a a tudu da ruwa, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.