Idan Ƙarfen Sabis Ya Yi Shiru, Wa Zai Kai Saƙo Birnin Gwari?

A ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni, kowace shekara, dubban mutane a Amurka da Kanada sukan kwashi na'urorin rediyonsu su bar gida. Wasu su nufi filin makaranta, wasu wurin shan iska, wasu kan tudu. Su kafa rumfa, su jefa igiya a reshen bishiya su ɗaga wayar eriya, su jona batir, sannan su shafe awa 24 suna kiran juna daga gari zuwa gari. Tun 1933 ƙungiyarsu ta ARRL take shirya wannan taro, wanda za mu iya kira Ranar Fita Fili. Gasa ce, ana ba da maki, amma dubi abin da ke kawo makin: wanda bai taɓa wutar gari ba ko kaɗan yana da ƙari, wanda ya yi aiki da sola yana da ƙari, wanda ya kafa tasharsa a bainar jama'a ko ya gayyato wani zaɓaɓɓen shugaba ya zo ya gani, shi ma haka. Wato wasa suke yi da ranar da komai zai tsaya, tun ranar ba ta zo ba.

Kada wani ya ɗauka gidan rediyo suke buɗewa. Babu kiɗa, babu talla, babu zaɓi sonka. Mutum ne da na'urar da ke ji kuma take magana, gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira, yana magana da wani irinsa a kan mitocin da aka ware musu a duk duniya. Lambar ɗan Najeriya da 5N take farawa, ta ɗan Nijar da 5U. Na so in kira su 'yan sa-kai na rediyo, to amma a wajenmu wannan suna yana da nauyin da ba zan ɗora wa ɗalibi ba. Bari mu ce masu rediyon sha'awa.

Abin da nake nema a wurin ƙungiyar ɗalibai shi ne ta kafa irin wannan kulob a makarantar nan, da lasisi, a fili, kuma ta riƙa fita da shi fili sau ɗaya a shekara. Dalilina Birnin Gwari ne.

A ranar 3 ga Satumba, 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara. Katsina da Sakkwato suka biyo baya a wasu ƙananan hukumominsu, sannan a ƙarshen watan gwamnatin Kaduna ta rufe a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, Birnin Gwari na ciki. A tsakanin nan kuma aka hana hawa babur, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da buɗe layukan, kuma sanarwa daban ce, dawowar sabis daban; wasu garuruwan sun daɗe suna jira. Ba na nan don in yanke hukunci a kan matakin. Masu shi sun ce infoma suke so su toshe wa baki, kuma babu wanda ya tashi a Magajin Gari da zai ce infoma tatsuniya ne. Amma wanda ya zauna cikin watannin nan ya san ɗaya fuskar. Mai POS ya rufe shago. Wanda ɗansa ke aiko masa da kuɗi daga Legas ya zauna hannu rabbana. Saƙon rasuwa sai a rubuta a takarda a ba direba, shi kuma direban sai ranar da hanya ta yi kyau, kilomita wajen 120 zuwa Kaduna, ta Udawa da Buruku. Mace ta kwana tana naƙuda a ƙauye, babu mai kira, babu babur ɗin ɗauka. Duk gari, da asibitinsa da fadarsa da makarantunsa, ashe a kan zare ɗaya yake rataye.

Kuma ba sai gwamnati ta sa hannu zaren nan ke tsinkewa ba. Ƙarfen sabis da dizal yake rayuwa, dizal kuwa mota ce ke kai shi, motar kuma hanyar da kowa ke tsoro za ta bi. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya rage shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. Kun tuna layin da muka riƙa yi a wurin masu cajin waya. Yanzu alhamdulillahi an samu sauƙi a Birnin Gwari, tun da aka yi sulhu aka sake buɗe kara a Nuwamban 2024, motoci na bin hanya. To ai lokacin sauƙi shi ne lokacin shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu da muka fi kowa son rediyo mu ne ba mu san ana mayar da magana ta cikinta ba. Iyayenmu sun san gajeren zango kamar tafin hannunsu. Sun san inda Rediyon Najeriya Kaduna take a kan mita 49, sun san lokacin da BBC ke fita tas da lokacin da sai an juya eriya, tun 1957 da aka fara sashen Hausa. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba zai gaya maka tashar nesa ta fi kamuwa da dare, kuma gaskiyarsa ne. Shekara kusan saba'in muna saurare. Saura magana.

Ga yadda abin yake, a taƙaice, don 'yan sashen kasuwanci kada su ce mun yi musu lakca. Oba-oba irin ta 'yan sanda da masu gadi, iyakarta inda ido zai iya kaiwa. Kilomita kaɗan, daji ko dutse ya tare ta, sai dai in an ɗora mata na'urar maimaita saƙo a kan tudu. Gajeren zango ba haka yake ba. Can sama akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa, wanda ke mayar da saƙon rediyo ƙasa. Idan ka shimfiɗa eriyarka ƙasa-ƙasa, ka ce tsayin mita huɗu ko biyar daga ƙasa, saƙon zai miƙe sama kusan tsaye, ya bugi rufin, ya zubo kamar ruwan sama a kan duk abin da ke kewaye da kai har ɗaruruwan kilomita. Dajin Kamuku bai isa ya tare shi ba, don ta samansa yake bi. Da rana a yi aiki a kan mita 40, wato megahaz 7, maƙwabciyar mita 41 da iyayenmu suka sani. Da dare a sauka mita 80. Eriyar mita 40 ba komai ba ce illa wayar tagulla mai tsawon mita 20, a raba ta biyu a jona a tsakiya. Wutar kuwa bolt 12 ce, batirin mota ko na sola. Na'ura mai wat 100 takan ja wajen amfiya 20 in ana magana, in ana saurare kuwa ɗan kaɗan take ci, shi ya sa mai surutu ne ke fara kashe batir. Babu kati, babu data, babu kamfanin da ke tsakaninka da wanda kake kira.

Wani zai ce to a sayi na'urar a ajiye a ofis mana, fita fili na mene ne? Ai nan gizo ke saƙar. Na'urar da ke cikin kwali ba ta ceton kowa. Sai ka fita fili za ka gane igiyarka ba ta kai reshe ba, batirin da kake tinƙaho da shi awa uku ya yi ya mutu, ƙaramin janaretan da aka aro yana cika rediyon da ƙara, kuma mutum ɗaya tak ya iya saita eriya, shi ma ya tafi sallah. A fili ake koyon abin da ya fi na'ura wuya, wato isar da saƙo ba ƙari ba ragi. Masu wannan harka suna da tsari: lambar saƙo, daga wa, zuwa ga wa, ƙarfe nawa, kalma nawa ce a ciki, kuma ba a so ya wuce kalma 25. Mai karɓa ya ƙirga, in bai cika ba a maimaita. Ku kwatanta da yadda labari ke tafiya a guruf ɗinmu na WhatsApp, inda mutum biyu da aka gani a bakin hanya kan zama mutum ɗari biyu kafin la'asar.

An ga amfanin wannan horo. A Disambar 2004 wata 'yar Indiya, Bharathi Prasad, tana tsibiran Andaman da tawagarta, sun je ne kawai don masu sha'awa na duniya su samu magana da tsibirin. Ranar 26 ga wata girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka auka, layuka suka yanke, tasharsu ta koma hanyar isar da saƙonnin mutane zuwa ga danginsu da hukumomi a babban yankin Indiya. Ba su zo da shirin agaji ba, amma sun iya kafa tasha a inda babu komai, don sun saba. Dokokin rediyo na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, su ma sun ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa su bar masu rediyon sha'awa su yi shirin agajin bala'i.

Yanzu ga maganar da na san tana cikin ran duk wanda ya fito daga yankinmu, kuma ba ƙaramar magana ba ce. A Birnin Gwari, saurayin da aka gani da oba-oba a hannu, kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa hukunci. Kuma abin da ka faɗa a rediyo kowa na ji, har na cikin daji in yana da na'ura, domin doka ta hana masu wannan lasisi ɓoye magana. Duka biyun gaskiya ne, ba kuma zan rage musu nauyi ba. Amma ku lura, wanda ke cikin daji bai taɓa jiran lasisi ba, kuma ba kulob ɗin ɗalibai ne zai koya masa abin da kuɗin fansa ke saya masa a kasuwa ba. Wanda ba shi da komai a hannu shi ne mai bin doka. Rashin sirrin kuwa shi ne kariyar mai lasisi: yana faɗin lambarsa a duk kira, an san sunansa da inda tasharsa take, jami'in tsaro na iya kunna rediyo ya ji duk abin da ya ce. Infoma ba ya son irin wannan haske. Sai dai dole a san abin da ba a faɗa. Ba a maganar inda sojoji suke, ba a maganar motar da ta taso ko wanda ya sayar da shanu. Abin da ake faɗa shi ne asibiti na neman jini kaza, maganin sarar maciji ya ƙare, gada ta karye, wance ta sauka lafiya.

Na kuma yarda cewa da akwai kulob ɗin a 2021, mai yiwuwa a ce shi ma ya yi shiru, kuma dole ya yi. An taɓa haka a Amurka: da ta shiga yaƙin duniya na biyu a 1941 ta rufe tashoshin masu sha'awa gaba ɗaya. Amma a 1942 sai ta dawo ta ɗebi waɗannan mutanen ta sa su aikin sadarwar kare farar hula a ƙarƙashin hukuma, saboda su ne suka iya, kuma an san su. Da a ce muna da mutum goma sanannu masu lasisi, ai hukuma na da zaɓin da ba ta da shi a lokacin: ta rufe layin kowa, ta bar tasha ɗaya a babban asibitin Birnin Gwari tana magana da Kaduna, jami'i na zaune a gefe. Starlink da ta shigo Najeriya a 2023 tana da amfaninta, ban musa ba, amma kuɗin wata take ci, kuma ita ma kamfani ce.

Mu dawo gida. Duk shekara 'yan sashen lantarki muna haɗa furojet, inbata ne, ƙaramar na'urar watsa FM ce, cajar sola ce, a ba mu maki, a jibge su a sito ƙura ta rufe. Ga eriya da za a auna a yanka, ga batir da za a lissafa, ga na'urar daidaita eriya da ɗan diploma zai iya naɗawa da hannunsa, duk furojet ne da wani zai yi amfani da su bayan mun tafi. 'Yan aikin jarida su riƙe rubuta saƙo da karanta shi. Mata kuma kada a ce musu su kawo abinci kawai. Wadda ta riƙe tashar Andaman mace ce.

Ƙungiya ta fara da takarda, ba da sayayya ba. A nemi malami ɗaya ya tsaya mana, a tuntuɓi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS, a ji yadda ake samun lasisi daga gwamnatin tarayya, kada wanda ya taɓa maɓallin magana kafin takarda ta fito. Saurare dai ba a hana kowa ba, ana iya fara shi gobe. Yuni na Amurkawa ne. Mu a lokacin ruwa ya sauka, jama'a na gona. Disamba ko Janairu ya fi mana, an gama girbi, ƙasa ta bushe. Tasha ɗaya a filin ƙwallon makaranta, ɗaya a Magajin Gari, cikin gari ba daji ba, bayan an kai gaisuwa fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari an nemi izini, an kuma sanar da DPO da sojojin da ke wurin a rubuce, an gayyace su su zo su zauna. A kira 'yan Red Cross, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ke tsare mana filin Idi, da 'yan Sikawut, waɗanda dama suna da nasu taron rediyo na duniya duk watan Oktoba. Kuɗin na'ura ɗaya ta hannu da batir biyu, in majalisar ɗalibai ta duba abin da ake warewa daren liyafar bankwana, za ta ga inda zai fito.