Yaron Da Ya Shekara Goma Yana Ɗan Shekara Shida

Yau hirar tamu a kan yaran labaran zane ce, irin waɗanda jaridun Amurka ke bugawa kullum, domin akwai darasin da nake ganin yana kuɓuce mana.

A can ana gaya wa yara cewa wani dattijo mai farin gemu da jar riga, Santa Claus, yana zagaya gidaje a daren Kirsimeti yana ajiye wa masu ladabi kyauta. Iyaye ne ke saye su ɓoye. Yawancin yara kan gano gaskiya wajen shekara bakwai zuwa takwas. Amma yaron cikin zane fa, yaushe yake ganowa? Amsata ita ce, ranar da marubucinsa ya bar agogo ya motsa.

Mu ɗauki Calvin and Hobbes na Bill Watterson, wanda ya fito daga 1985 zuwa 1995. Shekara goma cur Calvin yana ɗan shekara shida, duk Disamba kuma sai batun Santa ya dawo. Me ya hana mai karatu gajiya? Calvin ba sakarai ba ne. Yana shakka, yana tambayar dalilin da ya sa wannan dattijo ba ya bayyana. Sai dai ya yi lissafi: idan ya ƙi yarda kuma ta tabbata mutumin na nan, ya yi asarar kyauta. Don haka yake danne halinsa na ɓarna. Ga curin dusar ƙanƙara a hannunsa, ga maƙwabciyarsa Susie tana wucewa, zuciya na cewa jefa, kwaɗayi na cewa bari. Wannan jan-in-ja shi ne labarin.

Sai Peanuts na Charles Schulz, wanda ya yi shekara kusan hamsin, daga 1950 zuwa 2000. A 1959 Schulz ya ba wani yaro mai suna Linus tasa tatsuniyar: wai akwai Babbar Kabewa da ke tashi daga gona a daren 31 ga Oktoba ta raba wa yara kayan wasa. Babu wanda ya yarda sai shi. Sauran yara na bin gidaje suna karɓar alewa, shi yana zaune a gona cikin sanyi yana jira. Kabewar ba ta taɓa zuwa ba. Ana yi masa dariya, yana rasa alewa, baɗi kuma ya koma. Ga shi kuma a cikin yaran nan shi ne mafi zurfin tunani. Shi ya sa in ka gama dariya sai tausayi ya biyo baya.

Akwai kuma wata hanyar. Lynn Johnston 'yar Kanada ta fara For Better or For Worse a 1979, ta bar yaran labarinta suna girma tare da masu karatu, har Michael da Elizabeth kowannensu ya yi aure. A irin wannan labari yaro ba ya dawwama a kan tunanin yarinta. Tilas wata rana ya waye, in ba haka ba mai karatu ya ce an raina masa hankali.

To ina abin ya shafe mu? Mu ba mu da Santa, amma wa ya tashi ba a tsorata shi da Dodo ba? Kowannenmu na iya tuna lokacin da ya fara zargin cewa Dodon nan dabara ce ta hana shi fita da magariba ko leƙa rijiya. Har wasu muka ci gaba da nuna mun yarda, don mu ma mu tsorata ƙannenmu. Wannan ɗan tsakanin, inda yaro ya sani amma bai shirya faɗa ba, zinare ne ga marubuci. Mu kuwa tsallake shi muke yi.

Kurakurai biyu na fi cin karo da su a rubuce-rubucenmu, har da nawa na farko. Ko dai a kawo yarinya 'yar shekara biyar tana yi wa uwarta huɗubar zaman aure kamar wata gwaggo, ko kuma a ce "bayan shekara bakwai" amma yaron na nan da tunaninsa na babin farko, sai tsawo kawai da aka ƙara masa. Na farkon ba yarinya ba ce, bakin marubuci ne aka sa wa ɗankwali. Na biyun kuwa an motsa kalanda an manta da ƙwaƙwalwa.

Wani zai ce ai Watterson ma bai girmar da Calvin ba. Gaskiya ne, amma shi ya tsayar da agogon gaba ɗaya, kuma da gangan: iyayen ba su tsufa ba, malamar ajin ba ta canza ba. Ba a tsayar da shi ga mutum ɗaya a bar sauran suna tafiya.

Shawarata, kafin ka saka yaro a labari ka amsa tambaya uku. Me ya yarda da shi wanda manya suka san ba haka ba ne? Me zai rasa idan ya daina yarda? Wa zai fara tsaga masa labulen, kuma a wane babi? In ba ka da amsa, ba ka san yaron ba tukuna, kuma mai karatu zai gane kafin kai.

Aikin wannan mako: a rubuto shafi ɗaya kan ranar da wani yaro ya gano babu Dodo, ba tare da wani babba ya gaya masa ba. Ina jiran alƙalumanku. Allah Ya ƙara mana basira.