Kura da shan bugu: nawa ne rabon manomi a zoɓon da kuke sha?

Yau lissafi na zo muku da shi, amma na kasuwa. Duk wanda ya taɓa sayen zoɓo mai sanyi a ƙofar makaranta idan an tashi tara, ko ƙullin gyaɗa a bakin Titin Zariya, ya gyara zama, da shi ake.

Mu fara da zoɓon. A Jigawa da Katsina da ƙauyukan Kano ake noma mafi yawansa. Manomi ya shuka, ya yi noman fari da maimai, iyalinsa su ɓare, a shanya ya bushe. Ranar kasuwar ƙauye ɗan sari ya zo ya auna, a ɗura a buhu sai Dawanau, kasuwar hatsin da ake cewa babu kamarta a Afirka ta Yamma. A can mata ke zama su tsince shi, 'yan dako su loda a manyan motoci, a nufi tashar jiragen ruwa ta Legas. Wani ya ƙare a ƙasar Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi, suna kiransa jamaika. Riɗinmu ma haka yake tafiya, har Japan da Turkiyya da Sin. To, a cikin kuɗin da mutumin Meziko ya biya, nawa ne ya dawo hannun wanda ya sunkuya a gona? Nawa ne ya shiga hannun matar da ta wuni tana shaƙar ƙura wurin tsinta? Tambayar da ta haifi abin da duniya ke kira cinikin adalci ke nan.

Kanawa sun daɗe da sanin wannan tambaya. Jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Kano da Legas a 1912. Turawa auduga suka so a noma musu, manoma kuwa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi, kuma ko ba a saya ba a ci. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da kuke gani a littattafan tarihi, aka samu manyan 'yan kasuwa irin su Alhaji Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955. Abin da hoton dala ba ya nunawa shi ne wanda ke yanke farashi. A 1949 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aka mayar da aikin hannun hukumar Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke faɗin kuɗin da za a ba manomi, kuma shekaru da dama kuɗin bai kai na kasuwar duniya ba. Rarar an yi ayyukan raya ƙasa da ita, wannan gaskiya ne, amma ba wanda ya je ƙauye ya tambayi mai gumin ko ya yarda. Da fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sai dala ta ɓace. An rushe hukumomin a 1986, manomi ya koma shi da ɗan sari, ido da ido. Ku tambayi kakanninku, da yawansu sun ga wannan zamani.

A waje kuwa, a 1988 wasu mutanen ƙasar Holan suka haɗa kai da manoman kofi na kudancin Meziko suka fito da wani tambari mai suna Max Havelaar. Duk gwangwanin kofin da ke ɗauke da shi, mai saye ya san an biya manomin farashi mai mutunci. Dabarar ta bazu, a 1997 aka haɗa ƙungiyoyin a inuwa ɗaya mai hedikwata a birnin Bon na Jamus, wadda yau ake kira Fairtrade International. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ana yanke farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba ko kasuwa ta faɗi warwas. Ana ɗora wani ƙarin kuɗi a kai, wanda ba ya shiga aljihun mutum ɗaya, ƙungiyar manoman ce za ta zauna ta yanke ko rijiya za a haƙa ko aji za a gina. A 2019, misali, an sa wannan ƙari dala 240 a kan kowane tan na koko. Sannan akwai sharuɗɗa, ciki har da hana sa yaro aikin da zai raba shi da makaranta.

Labarin da ya fi burge ni na maƙwabtanmu ne. A 1993 manoman koko a Gana suka kafa ƙungiyar Kuapa Kokoo mai ofis a Kumasi. Ɗaya daga cikin manyan koke-kokensu shi ne akawun sayen koko na murɗa sikeli. Sai suka mallaki sikelinsu, suka riƙa zaɓar mai awo daga cikinsu, wanda idan ya yi ha'inci su ne za su sauke shi. A 1998 har hannun jari suka samu a kamfanin cakulan Divine na Ingila. Ku lura da inda suka faro: sikeli.

A Ingila makarantu sun shiga lamarin sosai. Wani ƙaramin gari mai suna Garstang ya ayyana kansa garin cinikin adalci a 2000, ɗaruruwa suka bi sahu. Ɗalibai na kafa kwamiti, su sa shagon makaranta ya riƙa sayar da kaya masu tambarin, su yi wa iyaye bayani. Akwai ma ranar cinikin adalci ta duniya, Asabar ta biyu a watan Mayu.

Sai dai a ganina kwaikwayon wannan kai tsaye ba zai kai mu ko'ina ba. Ku zagaya kasuwar Tarauni daga farko har ƙarshe, da wuya ku ga tambarin a jikin wani kaya. An tsara shi ne domin mai saye a Turai wanda ke da halin ƙara ɗan wani abu a kan cakulan, alhali a gidajenmu tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowace naira sai an juya ta sau biyu kafin a kashe. Shi kansa tsarin yana da masu suka. Samun takardar shaidar na cin kuɗi, ƙaramin manomin da ba shi da ƙungiya ba ya iyawa. Wani bincike da jami'ar SOAS ta Landan ta fitar a 2014 a kan Habasha da Yuganda ya gano cewa 'yan ƙwadagon da ke aiki a yankunan masu tambarin ba su fi sauran samun lada ba, a wurare da dama ma nasu ya fi ƙanƙanta. Idan muka buga allo muka rubuta sunan ranar da Turanci, muka yi fareti muka watse, manomin Maigatari bai ƙaru da ko kwabo ba.

Mu kuwa ba masu saye kaɗai ba ne. A aji ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi za ka samu ɗan manomi, da 'yar dillali, da wanda mahaifiyarsa ke soya ƙuli-ƙuli, da wadda ke ɗinkin hula da dare bayan ta gama aikin gida. Abin da ɗan Ingila ke karantawa a takarda, ku a tsakar gida kuke ganinsa. Ƙa'idojin ma kun riga kun ji su a Islamiyya. Sura ta 83 a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu ta sauka. A babin ciniki malamai sun koya muku cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tare mai kawo kaya a hanya a saye kafin ya iso kasuwa ya ji farashi, ya kuma hana mutum ya yi tayin ƙarya don ya zuga wani. Wanda ya tsaya a bakin gari ranar kasuwa yana tare masu kawo buhu a kan babur, wace ƙa'ida ya taka?

Saboda haka aikin da nake ba ƙungiyoyinku, ko ta manoma matasa ce, ko ta muhawara, ko ta 'yan jarida, shi ne bin sawun kaya. Ku zaɓi abu ɗaya tak. Ku bi shi baya-baya daga hannun mai ci har hannun wanda ya fara taɓa shi, kuna rubuta farashi a kowane zango.

Mu ɗauki hula, domin ita ba sai kun bar unguwa ba. Akwai mai zana ta, akwai mai ba da zare da yadi, akwai mai ɗinki, akwai mai wanki da bugu, akwai mai shago. Ku tambayi mai ɗinkin kwana nawa ta yi a kanta, nawa aka ba ta. Ga misali na ƙirƙira don ku ga yadda ake lissafin: a ce an biya ta naira dubu huɗu da ɗari biyu, ta yi kwana goma sha huɗu tana ɗinki. Ku raba, za ku samu naira ɗari uku a kwana. Sai ku ajiye wannan kusa da kuɗin kwanon masara na ranar, ku ga kwana nawa za ta yi tana soka allura kafin ta ciyar da gida wuni ɗaya. Daga nan ku je shago ku ji kuɗin hular. Lambobin gaskiya ku za ku kawo su, kuma ina kyautata zaton wasu cikinku ba za su ƙara kallon hular Sallah kamar da ba.

Amma a yi wa kowa adalci, har da ɗan tsakiya. Mai sauƙi ne a ce dillali azzalumi ne a rufe littafi. Ku bi tumatir daga Kadawa ko Kwanar Gafan zuwa Yankaba, ku rubuta kuɗin kwando, da na dako, da na mota, da la'ada, da abin da ake miƙawa a shingayen hanya, da wanda ya ruɓe kafin a sayar. Wani lokaci za ku tarar mai sarin ma da ƙyar ya mayar da uwar kuɗinsa. Wani lokaci kuma za ku tarar da ba-da-kaka, inda manomi ya karɓi kuɗi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya da buhun da ya ninka abin da ya ci. Sai kun jera lambobin za ku san a wane zango ne ribar ta kumbura.

Ga wani aikin na ɗakin gwaje-gwaje. Ku yi karo-karo ku auno kwanon shinkafa iri ɗaya a wurare uku, ku ɗora kowanne a sikelin makaranta. Kwanon da aka bubbuge gindinsa ba ya iya yi wa sikeli ƙarya. Kashedi ɗaya: kada wanda ya ɗauki hoton ɗan kasuwa ya sa a Facebook ko TikTok. Ku tafi da malami, ku fara gaida shugabannin kasuwa ku faɗi abin da ya kawo ku, sakamakon kuma a kai musu ba tare da sunan kowa ba. Su ne ke da ikon gyara mudu, ku awo kawai kuka yi.

Makarantar kanta mai saye ce, wannan ana yawan mantawa. Duk shekara ana ɗinka yunifom, ana yin walimar yaye ɗalibai, ana raba kyaututtuka. Me zai hana ɗalibai su roƙi shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai a sayi zoɓo da ƙuli-ƙuli da cincin na taron kai tsaye daga matan Darmanawa ko Unguwa Uku, a kan farashin da aka zauna aka yi lissafinsa tare, a kuma biya a ranar? Jinkirin biya ma zalunci ne, tambayi duk telan da ya ɗinka kaya a watan Satumba ana ce masa ya dawo bayan hutu.

Saura magana mai nauyi, wato talla. Na san a cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda ke ɗaukar faranti bayan an tashi, kuma da ribar ake sayen littafi. Ba abin kunya ba ne, kuma ba shi ake nufi ba. Wanda ake nufi shi ne yarinyar da ke tsaye a ƙofar makarantarku ƙarfe goma na safe tana sayar muku da gyaɗa, sa'arku ce, amma ba ta da aji. Arhar da kuke samu a wurinta, da karatunta ake biyan cikon. Ku kai wannan zauren muhawara: a daina saye a wurinta, gidansu ya rasa na cefane, ko a ci gaba da saye, ta ci gaba da tsayuwa? Ko akwai hanya ta uku, wadda mai unguwa da limami da iyaye za su shigo ciki? Ina son jin yadda 'yan aji biyar da shida za su warware ta.

Duk ƙungiyar da ta bi sawun wani kaya ta rubuta abin da ta gano a shafi ɗaya: sunan kayan, zangon da ya bi, farashin kowane zango da ranar da aka tambaya. Malamin da ke kula da ku ya sa hannu, a aiko wa wannan fili kafin Asabar ta biyu ta watan Mayu. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su da sunan makarantarsu. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.