LAFIYAR IYALI: In Hannu Ya Sage, Ko Ƙafa Tana Jan Ƙasa

A wannan wata za mu yi magana a kan jijiya. A Hausa kalma ɗaya muke da ita, amma jijiya iri iri ce. Akwai ta jini, akwai agara, akwai kuma wadda ta fito daga lakar baya, mai kai saƙon ji da motsi zuwa yatsu. Ita muke nufi. In ta ji rauni, fata takan daina ji, nama kuma ya daina motsi.

A ce wani manomi a Basirka ya faɗo daga babur, ƙashin damtsensa ya karye. Mai ɗori ya ɗaure shi da kara. Bayan mako shida ƙashi ya kama, amma hannu yana lilo daga wuyan hannu, ya kasa riƙe lauje. 'Yan'uwa suka ce sammu ne. Ba sammu ba ne. Akwai jijiyar da ke zagaye wannan ƙashi, ita ce ta ji ciwo.

Ga gwaji biyar da kowa zai iya yi a gida.

1. Miƙa hannu, ka ɗaga tafin sama kamar mai tsayar da mota. In ya kasa, jijiyar damtse ce.

2. Taɓa ƙaramin yatsa da kan babban yatsa. In ya gagara, ko manuni da na tsakiya ba sa ji, jijiyar wuyan hannu ce. Yankan lauje ko na kwalba yakan tsinke ta.

3. Matse takarda tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, wani ya ja. In ta zare da sauƙi, jijiyar bayan gwiwar hannu ce, wadda takan yi mana zir in mun buge wurin. In an bari, yatsun nan biyu sukan ƙanƙance.

4. Yi tafiya a kan duddugai. In ƙafa ɗaya ta ƙi ɗaguwa, yatsu suna jan ƙasa, jijiyar gefen gwiwa ce. Ɗauri mai tsanani ko doguwar tsugunno wajen tsinkar gyaɗa sukan danne ta.

5. Rufe ido, wani ya shafa tafin hannu da na ƙafa da auduga, ka nuna inda aka taɓa.

Iyaye mata, ku lura da allura. Babbar jijiyar ƙafa ta bi ta tsakiyar ɗuwawu. Wanda ya koyi aikin yakan yi allura a sama ta gefe, jariri kuwa a cinya. In yaro ya fara jan ƙafa bayan allura, kada a jira. Ko da yake a 2020 aka tabbatar ƙasarmu ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, har yanzu duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in gaɓarsa ta saki farat ɗaya, dole a sanar da ma'aikatan lafiya.

Sai kuturta. Ƙwayarta jijiyoyin nan take ci, tun kafin a ga wani miki. Alamar farko ita ce tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Ba cutar ce ke gutsure yatsu kai tsaye ba. Hannun da ba ya ji ne yakan ƙone a murhu, ƙafa ta taka ƙaya, mai ita bai sani ba, miki ya ruɓe. Tun 1995 ake ba da maganinta kyauta, na wata 6 ko 12, tana kuwa warkewa. Babu abin kunya a ciki.

Me ya sa muke cewa a hanzarta? Gama jijiya tana tsirowa a hankali ƙwarai, kamar inci ɗaya a wata. Naman da ya jira fiye da shekara guda yakan tsotse, ba ya komawa. Wadda aka danne kawai takan farfaɗo cikin makonni, wadda ta tsinke kuwa sai likita ya ɗinka. Ta kuturta ma, in ba ta wuce wata 6 da sagewa ba, akwai maganin da ke ceto ta.

Saboda haka in yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko mindirya a cikin ɗori, a sassauta nan take, a nufi asibitin Gwaram ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. In kuwa rabin jiki ne ya saki, baki ya karkace, magana ta sarƙe, wannan daga ƙwaƙwalwa ne, a tafi a wannan sa'a.

Kafin jijiya ta dawo, a riƙa lanƙwasa yatsu kullum domin kada su sandare, a sa takalmi, a duba tafin ƙafa kowace yamma.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.