Yaro ɗan shekara uku ba maƙaryaci ba ne

1/ Jama'a, don Allah a daina dukan yara 'yan shekara uku don sun ce sun ga kura a bayan randa. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi.

2/ Yaro ya rugo: "Mama, jiya da daddare na hau jirgi na je Makka!" Sai a daka masa tsawa, "Maƙaryacin banza!" Haba. A shekarun nan mafarki da buri da abin da ya faru duk a kwano ɗaya suke a kansa. Ki ce, "To wa ka gani a can?" ki sha labari. In ya gama ki ce, "Kai, tatsuniyar nan ta yi daɗi." Kin raɗa wa abin suna ke nan, ba mari.

3/ Kuma mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, yau mu ne alƙalan ɗan yaye?

4/ E, akwai ƙaryar gaske. Sukari a baki dumu-dumu, yana cewa "ba ni ba ne." Tsoro ne ke magana. Ke da kin riga kin gani, me ya kawo "wa ya sha?" da bulala a hannu? Tarko kika ɗana masa. Ki ce, "Na ga sukari a bakinka, zo mu wanke, gobe ka tambaye ni."

5/ Masu cewa duka ke gyara yaro, ku matso. A 2011 Victoria Talwar da Kang Lee sun wallafa binciken da suka yi a makarantu biyu a Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka bar yara 'yan shekara 3 zuwa 4 su kaɗai, aka ce kar su leƙa abin wasan da ke bayansu. Yawancinsu sun leƙa. Da aka tambaya, 'yan makarantar bulala sun fi musantawa, kuma sun fi iya rufe ƙaryar. Wato ƙwarewa dukan ya ƙara musu.

6/ Sannan mu manya fa? "Je ka ce ba na nan." "Ɗauko takalminka mu tafi," yana juyawa ka sulale. "Yi shiru ko dodo ya zo." Akwai hadisi a Abu Dawud: wata uwa ta kira ɗanta da alkawarin ba shi wani abu, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Mu kuwa kullum sai mun yi, ko a jikinmu.

7/ Ga abin da ya fi tayar min da hankali. Yarinyar da aka saba ce wa maƙaryaciya, ranar da wani babba ya taɓa ta inda bai dace ba, wa za ta faɗa wa? In ma ta daure ta faɗa, wani a gidan zai ce, "Ai kun san ta da shirya zance."