RA'AYI: Darasin kimiyya na nan kwance a kududdufin bayan makaranta

A mafi yawan ƙananan makarantun sakandare na ƙasar nan, darasin mazaunin halittu yakan ƙare ne cikin minti arba'in. Malami ya rubuta a allo cewa halittu na zama a ruwa, ko a tudu, ko a kan itatuwa, ya lissafa misalai, yara su kwafa da Turanci, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Da yawansu kuwa da safiyar ranar sun ratsa ta gefen kududdufi mai cike da talibambam da kainuwa, sun wuce ta ƙarƙashin kukar da shamuwa ta yi sheƙa a kanta, amma babu wanda ya gaya musu cewa abin da aka rubuta a allo shi ne abin da suka wuce a hanya.

Wannan giɓi tsakanin aji da dajin garinsu ya sa yaro ke tashi da tunanin cewa kimiyya abu ne na wasu mutane a wata ƙasa mai nisa. Alhali akwai hanyar cike giɓin, kuma ba ta bukatar ɗakin gwaji na miliyoyin naira. Wayar salula guda ɗaya mai kyamara, irin wadda ke aljihun malamai da dama, ta isa ta mayar da yaran aji ɗaya ko aji biyu masu bincike, muddin aka fitar da su waje aka ba su aikin da za su yi da ita. Sharaɗin shi ne wayar ta zama sanadin fita duba halitta. Idan ta zama wani sabon allo da za a zauna ana kallo a cikin aji, to an sauya wa tuwo suna ne kawai.

Misalin aikin ba shi da wuyar fahimta. A raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki wuri ɗaya da ke kusa da makaranta: kududdufi, ko gefen fadama, ko gindin wata tsohuwar bishiya, ko ma magudanar ruwan unguwa. Duk mako biyu su je su ɗauki hoton wurin daga kusurwa ɗaya, su auna zurfin ruwa da sanda mai alama, su ƙirga tsuntsayen da suka gani cikin minti goma, su rubuta rana da lokaci a littafi. Daga watan Satumba da ake komawa makaranta zuwa tsakiyar hunturu, hotunan da kansu za su nuna yadda ruwa ke janyewa, da halittun da ke tafiya, da waɗanda ke saura. A ƙarshen zango sai yaran su jera hotunan, su ɗora muryarsu a kai, su fitar da ɗan bidiyo na minti uku, ko shirin sauti irin na rediyo, ko taswirar unguwarsu mai nuna inda kowace halitta take. Kafin su gama, sun riga sun koyi lura, da awo, da kwatanta sakamako, da kare hujja a gaban abokansu, kuma waɗannan su ne ginshiƙan kimiyya.

Ƙasar Hausa kuwa ba ta da ƙarancin misalai. Babu littafin da zai bayyana yadda halitta ke dacewa da muhallinta fiye da gaiwa, kifin da ke shigewa cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ya lulluɓe jikinsa, ya rinƙa shaƙar iska har damina ta dawo. Ga gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina lokacin da sauran itatuwa ke kore shar, ya tofo da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, ’ya’yansa kuma su ciyar da dabbobi a lokacin da ciyawa ta yi wuya. Manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun farfaɗo da gonaki masu yawa ta hanyar barin irin waɗannan itatuwa su tofo a cikin gona. Ga shamuwa, wadda manomi ke ɗaukar zuwanta a matsayin albishirin damina: takan yi rani a kudancin nahiyar Afirka, ta dawo arewa ta yi ƙwai, tana cin fara da sauran ƙwari. Yaron da ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa a garinsu, ya kwatanta da ranar da aka yi ruwan shuka, ya fara aikin da masana ke kwashe shekaru suna yi.

Ga yaran Jigawa da Yobe, dausayin Haɗeja da Nguru babban aji ne mai zaman kansa. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda ɗimbin tsuntsayen da ke sauka a can, ciki har da masu tsallako hamadar Sahara daga Turai. Amma tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudun ruwan yankin ya sauya. Inda ruwa ke zuwa ya tafi bisa lokaci, wasu wuraren sun koma jiƙe shekara zagaye, ciyawar kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama mafakar jan-baki da ke afka wa shinkafa da gero. Wannan labari ya ƙunshi dukkan abin da manhajar karatu ke son yaro ya gane game da dogaron halittu ga juna da tasirin hannun ɗan’adam a kan muhalli. Ɗan masunci da ke ajin ya san shi tun daga gida. Abin da ya rage shi ne a ba shi dama ya ɗauki hoton mashigin da ya toshe, ya yi hira da mahaifinsa, ya kawo wa aji.

Batun hira da manya shi ne sashen da ya fi kowane gaggawa. Sunayen tsirrai da tsuntsaye da amfaninsu suna cikin kawunan maharba da masunta da makiyaya da tsofaffin mata masu haɗa magani, kuma kullum ana binne wani daga cikinsu tare da abin da ya sani. Yaron birni a yau zai iya kiran sunayen dabbobin da ya gani a talabijin, amma ya kasa bambance marke da ƙirya, ko goriba da giginya. Idan aka ce kowane ɗalibi ya naɗo muryar kakansa na minti biyar, yana faɗin itatuwa da tsuntsayen da ya tashi ya gani waɗanda yanzu babu su, makaranta za ta tara taskar da babu ita a kowane ɗakin karatu. Kusan duk dattijo zai ambaci ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta da kasuwa. A 2015 aka sanya irin ungulun da aka saba gani a garuruwa cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma farautarta don sayar da sassan jikinta da sa guba a mushe na cikin dalilan hakan. Yaron da ya ji wannan daga bakin kakansa, sannan ya koyi cewa ungulu ce ke kawar da mushe kafin ya zama tushen cuta, ba zai manta da darasin ba. Aikin ya fi armashi idan aka rubuta kowane suna da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko Nufanci, sannan a ajiye sunan kimiyya a gefensa.

Kada a ɗauka wannan mafarki ne. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, kuma ’yan sa-kai ne, galibi matasa, ke yawo da wayoyinsu suna shigar da tsuntsayen da suka gani a manhaja. Da irin wannan gudummawa ake gane inda kowane tsuntsu yake a faɗin ƙasar. Akwai kuma manhajoji irin su iNaturalist da ke taimakawa wajen gane sunan tsiro ko ƙwaro daga hotonsa, ana iya ɗaukar hoton babu intanet, a ɗora daga baya. Google Earth na nuna tsofaffin hotunan tauraron ɗan’adam, ta yadda ɗalibi a Kano ko Zariya zai iya ganin kududdufin unguwarsu a shekarun baya, ya ga gidajen da aka gina a kansa yanzu, ya tambayi kansa inda ruwan sama zai nufa idan damina ta yi ƙarfi. Wannan tambaya ce da ta shafi rai da dukiya, kamar yadda ambaliyar 2022 ta nuna wa jihohi da dama.

Masu adawa da wannan tsari suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce talauci: makarantar da ba ta da kujeru, ina ita ina waya da kwamfuta? Amsar ita ce aikin bai dogara ga kowane yaro ya mallaki waya ba. Littafi da fensir su ne tushe, domin zane da rubutu suna tilasta wa ido ya lura. Waya ɗaya ko biyu a hannun malami, da ɗan faifan hasken rana na caji, sun isa aji ya yi zagaye. Ta biyu ita ce tsoron tarbiyya, domin iyaye da dama suna da dalilin ƙin ganin waya a hannun ɗan shekara goma sha biyu. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ya dace na’urar ta zama ta makaranta, asusun ya zama na malami, kuma kada a wallafa fuskar yaro ko sunansa ba da yardar iyaye ba.

Hujja ta uku ta fi nauyi, wato tsaro. A yankunan da aka sha sace ɗalibai, babu shugaban makarantar da zai yarda a kai yara daji, kuma yana da gaskiya. Sai dai mazaunin halittu ba sai a daji ake samunsa ba. Gindin darbejiyar harabar makaranta, da shurin gara a bayan aji, da tukunyar ruwa da sauro ya yi ƙwai a ciki, duk wuraren nazari ne da ba su bukatar fita ƙofa. Inda za a je bakin ruwa kuwa, wajibi ne malami ya kasance tare da su, a hana shiga cikin ruwan, domin gudun nutsewa da cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke kwance.

Sai hujjar jarrabawa. Malami yana koyar da abin da ya san za a tambaya, kuma muddin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare tana ba da lada ga hadda kaɗai, hadda za a ci gaba da yi. Nan ne hukumomi ke da aiki. Hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu za ta iya shardanta aikin fili guda ɗaya a kowace shekara, a kuma ware masa maki na gaske a cikin gwajin da ake tarawa a zangon karatu. Tun da ana koyar da fasahar zamani a matakin nan, babu dalilin da zai sa malamin kwamfuta ya rinƙa koya wa yara sunayen sassan na’ura a gefe guda, malamin kimiyya kuma yana fama da allo a ɗaya gefen, alhali aiki ɗaya zai iya haɗa su. Hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta ware wa shirinta kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, tare da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, za su iya karkata wani kaso na kuɗin horar da malamai zuwa wannan fanni. An sha ganin kwamfutoci da aka raba wa makarantu suna tara ƙura a ɗakin ajiya saboda babu wuta kuma babu wanda aka koya wa abin da zai yi da su. Horar da malami ya fi sayen kaya arha, kuma ya fi daɗewa. Kwalejojin ilimi ma su tabbatar cewa duk wanda zai fita da shaidar koyar da kimiyya ya taɓa jagorantar yara a fili ko da sau ɗaya.

Akwai kuma haɗari guda da ya kamata malamai su kiyaye. Kyawun bidiyo na iya rufe rashin ilimi, yaro ya kwaso hotuna daga intanet, ya sa musu kiɗa, ya samu maki. Don haka ma’aunin ya zama bayyananne: hoton da ɗalibi ya ɗauka da kansa, mai rana da wuri, da littafin da ya rubuta abin da ya gani, da tambayar da ya iya amsawa a gaban aji. Bidiyo mai duhu da ke nuna gaskiyar yadda kwaɗo ya fito daga talibambam ya fi mai ƙyalƙyali da aka aro.

Najeriya na kashe kuɗi wajen dashen itatuwa da yaƙi da kwararowar hamada a jihohi goma sha ɗaya na Arewa ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, amma wanda zai shayar da bishiya ya hana a sare ta shi ne mutumin da ya san darajarta tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke aji ɗaya a yau su ne za su zama masu unguwanni da kansiloli da jami’an filaye, su ne za a kawo wa takardar cike kududdufi ko sare kurmi su sa hannu. Wanda ya shafe zango guda yana auna ruwan kududdufin nan, ya san halittun da ke cikinsa da gidajen da yake karewa daga ambaliya, zai yi tunani kafin ya ɗauki alƙalami. Duk shugaban makarantar da ya ga dama zai iya fara wannan a zango mai zuwa ba tare da jiran takarda daga Abuja ba.